Safiyar Dogo Mai Walda

Dogo mai walda bai taɓa musun cewa shi Kirista ba ne. An yi masa baftisma yana saurayi, a coci aka ɗaura masa aure, ƙofar ƙarfen cocin ma shi ya haɗa ta da hannunsa. Amma addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, wannan a ganinsa aikin matarsa ne, kamar girki da wanki. Kowace safiya matar tasa, da kowa ke kira Mama, takan tara yara a falo ta karanta, ta yi doguwar addu'a, shi kuwa yana bakin kujera yana ɗaure igiyar takalmi. Da ta kai ƙarshe sai ya ce amin da ƙarfi ya fice. In abokai sun tsokane shi yakan ce, "Ai Mama ta wakilce mu. In Allah ya ji tata, ya ji tawa."

Yara suka girma suka watse, Mama ba ta fasa ba. Ran nan tana shanya wanki a tsakar gida sai ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta dawo gida hannun dama a mace, baki a karkace, magana ba ta fita.

Washegari da safe Dogo ya wanke mata fuska, ya ba ta shayi. Ta nuna masa Littafin da ke kan talabijin. Ya kawo mata matashi. Ta sake nunawa, ya kawo ruwa. Da ta buga hannun kujera da hagunta, sai ya sa hula ya tafi kiran Fasto.

Fasto ya yi ta zuwa kowace safiya yana yi mata karatu da addu'a, matan zumunta ma suna leƙowa. Wata rana da zai tafi sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, gobe ba zan zo ba."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Kai za ka yi."

"Haba Fasto! Ni fa walda na iya. Idona ma tartsatsi ya gama da shi."

"Ana sayar da tabarau, Baba."

"Bakina bai saba ba."

"Bakin da ake jiyowa daga ƙarshen layi in inji ya ƙi tashi?"

Dogo ya ji haushi. Lahadin nan bai je coci ba, ya ce yaron da aka haifa jiya ba zai koya masa zaman gidansa ba. Amma ya sayi tabarau.

Daga shafin farko ya fara, yana bin layi da yatsa, yana tuntuɓe a kan sunaye. Da ya isa wurin dokokin hadaya, sai ya ɗaga kai ya ga Mama ta yi barci. Kashegari ta janyo Littafin, ta yi ta juya shafi da hagu har ta kai Bisharar Markus, ta tura masa. Addu'arsa kuwa gajera ce, kamar mai ba da sallahu: "Ubangiji, ga Mama nan. Ka ga hannun, ka ga bakin. Ka duba mana." Babbar 'yarsu, da ta zo jinya, ta shige kicin ta toshe baki tana dariya.

A hankali ya fara gardama da abin da yake karantawa. Yakan cire tabarau ya ce, "Mama, wai mutanen nan da idonsu suka ga abin, kuma suna ta tambaya?" Ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Abin da ya fi ƙarfin gyaɗa kai ya tara ya kai wa Fasto, ta haka suka shirya ba tare da kowa ya ba da haƙuri ba.

Bayan wasu watanni 'yar ta ɗauki Mama zuwa gidanta, kusa da inda ake gashin ƙashi. Gida ya yi shiru. Dogo ya rufe Littafin, tunda wadda ake karanta wa ba ta nan. Kwanaki suka wuce, yana tashi ya sha shayi ya tafi shago. Sai wata safiya, yana neman makulli, ya tuna a karatunsa ya bar Manzo Bulus a cikin jirgin ruwa ana guguwa, bai san yadda aka ƙare ba. Ya zauna ya karanta har jirgin ya fashe kowa ya fita da rai. Da ya zo yin addu'a, ya gama ta Mama, sai ya ga akwai saura. Ya ambaci zafin ransa. Ya ambaci ƙanensa, wanda suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda maganar da shi kansa ba ya iya tunawa daidai. Ranar bai buɗe shago da wuri ba.

Da Dogo ya kira ƙanen a waya, bai amsa kiran farko ba. A na biyu ya ɗauka, suka yi maganar ciwon Mama da tsadar ƙarfe, suka ajiye waya. Yanzu ƙanen yakan zo wani lokaci.

Mama ta dawo tana dogara sanda, da 'yan kalmomi kaɗan a baki, hannun dai bai tashi ba. Dogo na karatu da safe kafin ya fita, ita tana tsawata masa da "a'a" in ya tsallake layi. Ran da aiki ya matsa yakan makara, ya rama da rana a bayan shago, zaune a kan tsohuwar taya, nesa da tartsatsi. Mai son a haɗa masa taga ko ƙafar kujera sai ya jira ya gama babin.