Sunan Da Na Ƙi Faɗa A Taron Gashua

Abin nan ya faru a shekarar da kogin Gashua ya ƙi cika, shekara guda bayan ciwon da ya kwashe shanun Fulani, tun ba a yanko Yobe daga Borno ba. Autata tana goye a lokacin. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, amma maganar tawa ce, kuma na ce ta karanta min kafin ta aika, kada ta ƙara gishiri. A wancan zamanin ni ce shugabar mata masu bandar kifi a unguwarmu. Kwandunana har tashar jirgin Nguru suke zuwa, kuma idan na ce mata su zauna, babu mai ɗaga ƙafa.

Ina da ɗan fari. Kun san al'ada, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ni kunyata ta wuce ta kowa, har alfahari nake yi da ita. Shekara ashirin da biyar ban taɓa kiransa ba, sai dai in ce wancan, ko in ce kai. Yana noman shinkafa a fadamar Katuzu. Da ruwa ya yi ƙaranci, shanu suka shiga gonaki, aka yi faɗa, masu kaki suka zo suka kwashe duk wanda suka tarar a fadama, mai sanda da mai fartanya, aka kai su wajen Nguru aka rufe. Wata huɗu babu alƙali, babu bayani. Ni kuwa a bakin wuta nake kuka, in an tambaya in ce hayaƙi ne.

Sai ga wasu mutane sun kira taro a filin makarantar firamare, ranar kasuwa bayan la'asar. Wai ƙungiya ce ta kare haƙƙin talaka. Shugabansu tsohon hedimasta ne mai farin gilashi, da wata ungozomar asibiti da ke kula da ɓangaren mata. Na je, amma na je leƙen asiri ne. Tun daga ƙofa raina bai kwanta ba. Sun shimfiɗa tabarmi sababbi, suna raba lemo kyauta, ga rikoda a kan tebur tana juyawa. Na ce a zuciyata, tun da nake ban ga wanda ya shayar da talaka lemo don Allah ba. Ga shi watanni kaɗan kafin nan an rubuta sunayenmu wai za a kawo hatsin agaji, hatsi bai zo ba, sai masu rushe rumfuna suka zo suna kiranmu ɗaya bayan ɗaya kamar sun haife mu.

Hedimastan ya yi bayani cewa doka ba ta yarda a rufe mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, kuma akwai babban alƙali da zai zagayo duba waɗanda ke tsare. Duk mai ɗan'uwa a ciki ya tashi ya faɗi cikakken sunansa, a rubuta, ya dangwala yatsa, su miƙa takardar. Mata biyar suka tashi. Ungozomar ta gangaro har inda nake, ta durƙusa, ta kira ni Iya, ta ce ta ji labarin ɗana, in faɗa mata ko a kunne ne. Na dube ta sama da ƙasa. Na tambaye ta wa ya ba ta labarin gidana, in ba waɗanda suka kama shi ba. Ta ce a asibiti ta ji, wurin matarsa da ke zuwa awon ciki. Na ce ni ba ni da kowa a tsare, kuma ko ina da shi, ba a haifi wadda za ta sa ni kama sunan ɗan fari a filin makaranta ba. Mata suka yi guɗa, wata ta ce kunya dai sai Iya. Na ji daɗin guɗar nan, Allah Ya yafe min.

Ban tsaya nan ba. Surukata ta ce ita za ta je ta dangwala, ko ƙanwarsa ta faɗi sunan. Na ce duk wadda ta taka filin nan kada ta dawo min gida, domin takardar nan wurin soja za ta, kuma wanda sunansa ya hau ta an gama da shi. Surukar tawa ta ce min, cikin ladabi, ai Iya an riga an gama da shi tunda yana ciki. Na yi kamar ban ji ba.

Kafin azumi mutum biyar ɗin nan da aka rubuta sunayensu suka dawo gida. Da idona na ga ɗaya yana sayen albasa a kasuwa. Nawa kuwa babu wanda ya tambaye shi, domin ba ya cikin takarda. Duk da haka na ƙara wata uku ina cewa tarko ne, za a sake kwashe su. Ba a kwashe kowa ba. Surukata ta haihu, aka yi suna ba uba, tana gaishe ni kullum ba ta ɗago kai.

Da na ji za su yi wani taron a Nguru, na hau motar kifi, ban gaya wa kowa ba. A harabar wata makarantar aka yi shi, mutane sun fi na Gashua yawa. Ungozomar ta gane ni, ta taso ta ce in raɗa mata kawai. Na ce a'a, a gaban mutane na ƙi, a gaban mutane zan faɗa. Na miƙe. Na faɗi sunan ƙasa-ƙasa, hedimastan ya ce bai ji ba, rikoda ma ba ta ɗauka ba, na sake faɗa da ƙarfi. Babu wanda ya yi dariya. Na dangwala yatsa na zauna.

Bayan sati shida ya fito, amma da tarin da ya kwaso a watannin da na ƙara masa. Bai sake iya noman fadama ba. Shekaru da yawa in an tada zancen sai in ce kunya ce ta hana ni, mutane su ce ai al'ada ce. Yau ina faɗa, kunya tana ciki, amma zargi da girman kai sun fi ta yawa, na lulluɓe su da ita don ta fi kyan gani. Ba na ce ku yarda da duk mai tebur da biro ba, har gobe ina tambayar wanda ya aiko mutum. Amma ku tambaya ku saurari amsa, kada ku yanke wa na cikin ɗaki hukunci kuna waje kuna shan iska.

Hedimastan ya rasu, mata biyar ɗin saura ɗaya, tana Dagona wurin 'yarta. Ungozomar tana nan Gashua, idonta ya tafi, duk sallah ina kai mata kifi. Surukata tana nan, ita ke dafa min. Wancan ma yana nan, da furfurarsa da tarinsa. Wani lokaci yakan zauna a bakin ƙofata ya ce wai an ce Iya ta taɓa kiran sunansa har sau biyu a Nguru, shi kaɗai ne bai ji ba. Sai in ce ya tashi ya ba ni wuri.