Kada a kaɗa wa Aminu taken Bashar

Da kakar bana Bashar ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ɗan baffana ne, gida ɗaya muka tashi a Gummi, kuma tare muka karanta akanta a jami'a a Sakkwato, ni ina zaune a makaranta, shi yana zuwa ƙarshen mako. Ban saba rubutu a jarida ba, na kuma daɗe ina ja da baya don tsoron kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Ƙanensa Aminu ne ya sa na daina jinkiri. An shirya gasar kokawa ta tunawa da Bashar a ranar da Aminu zai fara jarrabawarsa ta ƙarshe a jami'a, an kuma riga an yi shela cewa zai shiga fili, za a kaɗa masa taken yayansa.

Wanda bai taso kusa da filin kokawa ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Duk ɗan kokawar da ya yi suna yana da takensa, kiɗan da makaɗa suka ware masa shi kaɗai. In aka kaɗa yana wurin, ba ya zama. Wanda ya ji takensa ya ci gaba da zama, gari zai shekara yana ba da labarinsa, har matan gidansu sai an yi musu gori a wurin biki.

Bashar ya fara aiki a wani ƙaramin banki tun yana aji biyu. Aikinsa bin kasuwannin ƙauye a kan babur, yana karɓar ajiyar manoma da masu sayar da dabbobi, har Nasarawa Burkullu da ƙauyukan da ke bayanta, inda kwalta ba ta kai ba. Juma'a da la'asar ya hau motar Sakkwato, ranar Lahadi ya dawo da littattafai a cinya. Da asuba kuma yana cikin yashi a bakin gulbi yana atisayen kokawa. Ni da ba ni da komai sai karatu, ina kukan lokaci bai ishe ni ba.

Manajan bankin bai daɗe ba ya gane cewa mutumin ƙauye ya fi sakin jiki da ɗan kokawar da ya gani a fili a kan kowace takardar banki. Sai aka buga wa Bashar riga mai sunan bankin, 'yan kallo suka laƙaba masa Ɗan Banki. Duk garin da ya yi kaye, mako mai zuwa mutane na layi a gaban baburinsa. Ba na cewa wannan laifi ne, kasuwanci ne. Amma da Bashar ya nemi hutun jarrabawa, a gabana manajan ya yi dariya ya ce, "Kai da kake kada ƙato a fili, takarda ce za ta kada ka? Tafi can, ka dawo Litinin."

A makaranta ma ba sauƙi. Akwai malamin da ya ce masa jami'a ba filin wasa ba ce, ya zaɓi ɗaya. Wataƙila yana da gaskiyarsa. Sai dai ban ga wanda ya taɓa zaunar da Bashar ya tambaye shi yaya jikinsa ba.

Ranar da abin ya faru, tare muka baro Sakkwato, yana fama da zazzaɓi bayan ya rubuta jarrabawa. Ana gasa a Bukkuyum, ya ce mu biya ya gaida abokansa, kallo kawai zai yi. Ya zauna a gefena, ya lulluɓa da mayafi, jikinsa na rawa. Manajan yana layin gaba tare da baƙinsa. Da ya hango Bashar, ya yafito babban makaɗi, ya yi masa raɗa, ya liƙa masa kuɗi a goshi. Ganga ta juya. Fili ya ɗauki ihu. Na riƙe hannun Bashar na ce kada ya tashi. Ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ka ji mi suka kaɗa? Sake ni." Ya shiga, ya kada abokin karawarsa, ya dawo ya zauna, bai sake tashi da ƙafarsa ba. Bai yi kwanaki da yawa a asibiti ba Allah ya karɓi abinsa.

Ni ba likita ba ne, kuma na yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa. Ban ce wani ya kashe Bashar ba. Abin da na ce shi ne, mutumin da ya hana shi hutu shi ne ya sa aka kira shi fili yana rawar ɗari, kuma shi ne yau yake tsayawa a gaban sababbin ma'aikata yana cewa Bashar ya haɗa aiki da karatu da kokawa bai taɓa ƙorafi ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Ya yi ƙorafi. A mota ya taɓa ce mini, yana dariya, "Banki na son ƙafafuna, makaranta na son kaina, makaɗa na son bayana. Ni mi aka bar mani?" Ya nemi hutu da bakinsa, aka mayar da shi abin wasa. Yanzu an ɗauki sunansa an yi bulala da shi, duk yaron da ya nemi kwana biyu don jarrabawa sai a ce masa ya tuna Bashar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi mamakin yadda ake tura kuɗi ta waya, da masu na'urar cire kuɗi a kowace kwana daga Anka har Gummi. Zai yi baƙin cikin ƙauyukan da ya saba shiga shi kaɗai a babur, waɗanda yanzu sai an yi tambaya kafin a kama hanyarsu. Amma ina jin abin da zai fi tayar masa da hankali shi ne ganin ƙanensa a bankin nan, da riga irin tasa, da karatun ƙarshen mako irin nasa, ana shirin ɗora masa takensa.

Na je gida na tarar da Inna, mahaifiyarsu, tana tsince wake. Ta ce, "Masu shirya gasar sun zo sun ce mani girmamawa ce. Na ce to ku girmama shi da addu'a mana, ganga ta taɓa kai wa mamaci lada?" Aminu yana bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ya ce, "Yaya, in na ƙi, mi za a ce? Ƙanen Bashar ya gudu ya ɓuya bayan takarda? Kuma aikin fa?"

Ban iya ba shi tabbacin ba zai rasa aikin ba, don ban sani ba. Gori kam za a yi masa, wannan na sani. Idan kuma bai zauna jarrabawar ba, shekara ce ta tafi, ko fiye.

Bashar ya bar suna a fili, ba mai ƙwace masa shi. Ya bar mutanen ƙauye da har yau suke yi masa addu'a don bai taɓa cin amanarsu ba. Abin da bai samu ba shi ne digirin da ya fi so a kan komai, saura masa zango ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana tare da shi. Ga makaɗa, roƙona shi ne take na mutum ɗaya ne, mai shi ya tafi, ku bar shi ya tafi da abinsa. Ga masu shirya gasa, ba ku rasa wata ranar ba.

Na kama mana kujera biyu a motar farko ta Sakkwato ranar gasar, tawa da ta Aminu. Bai ce zai zo ba, bai kuma ce ba zai zo ba. Zan kasance a tasha, kuma ba zan bar direba ya sayar da kujerarsa ba.