Haƙoran Baƙonmu daga Rasha

Ana sallame sallar asuba muka bar Gumel, ni da ƙanena likita da baƙonmu, wani ƙaton dattijo ɗan Rasha. Da kyar ya shige gaban motar, gwiwoyinsa na tokarar gilashi. 'Yarsa ƙanena ke son aura, tun suna makaranta can ƙasarsu. Musulmi ne su, don haka ba nan gizo ke saƙa ba. Matsalar ita ce Baffa, yayan mahaifinmu da ke ruga bayan Ɗanzomo. Ya ce ba zai shige gaba a neman auren 'yar mutumin da ya tsufa yana wasa ba, mu kuwa ba ma tsallake maganarsa. Da baƙon ya ji haka sai ya ce shi zai zo da ƙafarsa.

Muka fara nufar Maigatari don sayen ragon gaisuwa, ranar kasuwa ce. A hanya ƙanena ya riƙa fassara mini tarihinsa. Hoki yake bugawa, wasan da ake yi a kan ƙanƙara da takalmi mai kaifi a ƙasa, ana kora wani guntun roba mai tauri da sanda zuwa raga. Tun yana yaro ya fara a daskararren tafkin garinsu. Ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar birninsu, ya ci kofuna, har ya samo wa ƙasarsa lambar zinare. Ina jin haka ina tunanin yadda zan juya wa Baffa shi da Fulatanci.

Kasuwa ta cika maƙil, tireloli na lodin shanu, raƙuman Damagaram a durƙushe gefe. Raguna sun yi tsada, kuma da dillalai suka hango Bature a bayanmu sai farashi ya ƙara tashi, dole muka ajiye shi a rumfar mai shayi. Kafin mu dawo rana ta gasa shi ya yi jawur. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gudu a kan ƙanƙara, ga shi ya sayi ƙullinta ɗaya a leda ya ɗora a wuya yana lumshe ido. Da aka kawo balangu kuwa, sai ya sa hannu ya zare haƙoransa na gaba gaba ɗaya, ashe na roba ne. Ƙanena ya roƙe shi don girman Allah kada ya yi haka a gaban Baffa.

Bayan azahar muka ratso Gumel muka kama hanyar Sule Tankarkar. Kwalta lafiya lau har Ɗanzomo, daga nan sai yashi, rago na ta kuka a but ɗin mota.

Baffa ya karɓe mu da fura da nono, amma fuskar nan a ɗaure. Muka ciro lambar zinaren, ya juya ta ya ajiye a tabarma. Muka so nuna masa bidiyo, waya ta ƙi kamawa. Na kalli ƙanena na ga zufa na bin gemunsa.

"Tambaye shi," in ji Baffa, "wasan nan, namiji na shan wuya a cikinsa?"

Baƙon ya saurari fassara, ya dubi ƙanena kamar mai ba da haƙuri, ya zare haƙoran ya ɗora kusa da lambar. Ya ce a wasan ƙarshe na cin kofi guntun robar da ake korawa ya same shi a baki. Ya tofar da haƙoran, aka ɗinke leɓen, ya koma fili. Sannan ya janye riga ya nuna ɗinkin kafaɗa.

"Ya koma?" Baffa ya sake tambaya.

"Ya koma, Baffa, har aka tashi."

Baffa ya ƙura wa ɗinkin ido. Can sai ya buɗe wuyan rigarsa, ga tabon bulalar shaɗi kwance a ƙirjinsa tun na samartaka, lokacin da saurayi ke tsayawa a tsula masa ba ya ko motsi. Baƙon ya matso ya duba, ya jinjina kai. Suka kalli juna suka fashe da dariya, kowa da giɓinsa. Baffa ya miƙa masa sandar kiwonsa, ya ce mu ne ya kamata mu taka zuwa gidan baƙon neman auren, ba shi ya zo mana ba.

Wallahi sai a lokacin na ji ɗanɗanon furar.

Washegari na raka ƙanena da baƙon har Gagarawa Tasha, suka wuce Kano, sandar Baffa ta leƙo ta taga don ta ƙi shiga motar. Na juyo Gumel ni kaɗai, zuciyata wasai. Abin da na koyo shi ne, mun ɗauko zinare muna ta tallarsa, mun ɓoye giɓin, alhali giɓin ne Baffa ya iya karantawa. Yanzu aikin da ke gabana shi ne nema wa Baffa fasfo da rigar sanyi, don ya rantse da kansa zai je Rasha.