Dami Dubu da Tara

Kakata Iya Tabawa tana da tatsuniyoyi sun fi gashin jaki, amma in sanyi ya shigo, aka hura wutar kara a tsakar gidanmu kusa da garin Sarkin Hausa, guda ɗaya take maimaitawa. Kuma ba ta farawa sai Baba da ƙannensa shida sun zauna shan fura. Mu yara mun ɗauka don mu take yi.

Wai wani sarkin noma ne ya mutu ya bar dami dubu da tara na hatsi, da wasiyya: in za a raba, a raba daidai, kada dami ko ɗaya ya rage. 'Ya'yansa bakwai suka kasa kashi bakwai, ɗaya ya rage. Suka kori autansu suka kasa shida, ɗaya ya rage. Suka yi ta korar juna, kowane rabo sai wani abu ya rage, har saura biyu, dami ɗaya na nan yana kallonsu. Da suka gaji suka maida hatsin rumbu, suka ci tare har tsufa.

Ni da bakina ba ya zama, na ce a kwance damin mana. Ta ɗaga muciya.

"Maigidana, kai da ko wando ba ka iya ɗaurewa? Abin da aka kwance ba ya komawa dami."

Baba da ƙannensa suka yi ta kallon ƙwaryar fura.

Bana a kwalejin Mayahi mushenmu na lissafi, wato malaminmu, ya koya mana lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Na ba shi dubu da tara don in kunyata shi. Ya sa ni gaban allo in raba da biyu, uku, biyar, bakwai, har talatin da ɗaya, alli ya ƙare, gumina ya kusa cika bokiti. Ba ta rabu ba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba! Na so in ruga in gaya mata, sai dai ta rasu tun bara.

Kwana arba'in da rasuwarta aka zo da igiya aka auna gandunmu kashi bakwai. Ƙasa ba ta gardama, ko'ina aka ja igiya sai ta yarda. Rabon Baba, in na yi atishawa a gabas sai ƙanensa ya ce mini "yarhamukallahu" daga yamma. Hatsin da muka samu bai kai mu rani ba. Baba ya tafi arewa neman aiki, tukunya ɗaya ta koma bakwai, ba mai leƙa ta wani.

Mushe ya ce irin lambobin nan ba su ƙarewa, sai dai in ana yin gaba suna ƙara wuyar samu. Da na je hutu na zaga garinmu ina ƙirga gidajen da ba a raba gandunsu ba. Biyu na samu, kuma tsohuwar gida ɗaya ta fara tari.