Buroshin Kawu Yazidu

Tsoron ya kama ni ne lokacin da na ga ɗan akwatina a buɗe bisa teburin Kawu Yazidu, tsakanin matattun wayoyi, ga warin esansi, wato man fetur, ya cika rumfar.

Kawu Yazidu ƙanen mahaifiyata ne. Da can igiya yake sayarwa a kasuwar dabbobi ta Dakoro. Ya tafi Agadas, ya yi wata biyu, ya dawo da ƙananan ƙarafan kwance waya guda uku da sabon suna, Tekinisiyan, wanda shi ya raɗa wa kansa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana gyaran waya, kuma magani ɗaya ya sani. Ya buɗe ta, ya tsoma tsohon buroshin haƙori cikin esansi, ya goge, ya hura, ya shanya a rana. In ta tashi, gwanintarsa ce. In ba ta tashi ba, mai ita ne ya bari ta sha ruwa. Makiyaya tun daga Birnin Lalle suke kawo mashi, su koma suna godiya.

Ni kuwa da na gama jami'a, na yi wata shida a wani labo, ɗakin binciken kimiyya, a ƙasar waje. Akwai na'ura can mai allura wadda ido ba ya ganin tsininta. Tana huda ƙananan ramuka a kan wani ɗan faranti kamar farce, mai shafin roba siriri. Nan rami, nan babu, haka ake rubuta bayanai masu ɗimbin yawa a wuri kaɗan, kuma allurar ce ke komawa ta laluba ta karanta. Malamata ta ba ni faranti ɗaya in aje wata uku cikin zafin garinmu, in mayar a ga ko ramukan sun tsira. Da sakamakon za a yanke ko za a ɗauke ni karatun dakta.

Saura kwana shida in mayar, Inna ta nuna wa Kawu akwatin da farantin ke ciki, don alfahari. Ya sa aljihu.

"Kawu, me ka yi mashi?"

"Zauna, ɗana. Kartin naka ne ba ya karantuwa. Na sa a waya uku, ko shiga bai yi ba."

"Ba kartin waya ba ne."

"Duk ɗaya ne. Datti ne ya yi mashi yawa. Su Turawan ba su koya maku wanki ba?" Ya juya wurin mai shayi. "Ka ga masu diplom. Abu ya yi wata uku a rufe, ko hura shi bai yi ba."

Ya miƙo mini farantin a tafin hannu, yana ƙyalli, da shatar babban yatsansa a tsakiya. Jira yake in gode. Na zauna bisa benci.

Har yau yana rumfarsa, yana gaya wa mutane ya taɓa gyara kayan Turai. Inna ta ce in bar maganar, kawuna ne.

Na rubuta wa malamata gaskiya, na aika da farantin. Ta ce sai allura ta hau kansa za a san ko wani gefe ya tsira daga buroshin, kuma akwai masu jiran na'urar gabana. Yau kwana goma sha tara. Ba ta sake rubuto mini ba.