Kujerar Bayan Direba

A gidanmu akwai abu biyu da ba a taɓawa: makullin motar Baffa, da kujerar da ke bayan direba. Makullin nasa ne, kujerar kuwa ta matarsa ce, Inna.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Tirela ya ja tun ina rarrafe har furfura ta cinye masa gemu. Da kamfani ya sallame shi, sai ya sayi wata tsohuwar mota mai layi uku, wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai an lallashe ta da gwiwa. Da ita yake kai mu gaida Goggo, babbar yayarsu, duk shekara, tafiyar yini guda. Ni ma ina da lasisi, amma a wurin Baffa da lasisina da katin asibiti duk ɗaya ne.

'Yan shekarun nan mun fara ƙus-ƙus a kan idonsa. Yakan tsiyaya shayi a gefen kofi. Ran nan har rigar da aka rataye a ƙofa ya yi wa sannu da zuwa. Amma da an hau titi sai ka rantse idon shaho gare shi, ko kaza bai taɓa bugewa ba. To da wane dalili za a ce ya ajiye makulli? 'Ya'yansa suka ce ni ne mai baki, ni zan faɗa masa. Na ce bakina na ban dariya ne, ba na yanke wa dattijo hannu ba.

Inna kuwa mace ce da ba ka jin motsinta. Ɗinki take yi a lungun falo, tana rage wando, tana sa zif, allura a baki. Duk duniya ba abin da ta taɓa tuƙawa sai keken ɗinki. A mota takan matso gaba, goshinta kusan manne da matashin kujerar Baffa, hannunta na hagu cikin mayafi, tsakanin kujera da ƙofa. Ba ta ci, ba ta hira, ba ta barci. Ta ce in ta ɗauke ido daga hanya amai take yi. In an isa sai ta sauko kamar ita ta turo motar, ta zube a tabarmar Goggo ko gaisuwar kirki ba ta iyawa.

Bana gwiwarta ta kumbura. Muna loda kaya da safe, kuloli da jarkoki da fankar da Goggo ta ce a gyaro mata, na ga tana ƙoƙarin cusa ƙafar a wurin da ta saba.

Na ce, "Inna, yau gaba za ki zauna, ki miƙe ƙafa."

"Bar ni a nan, Mai-baki."

"Kunya kike ji a gan ki kusa da saurayin naki? Ai an riga an sani."

Matata ta goya min baya, yara suka ɗauki jakarta suka kai gaba. Inna ta dubi Baffa, Baffa ya dubi sitiyari. Ta shiga gaba, ni kuma na zauna a kujerarta ina jin na yi abin kirki.

Ba mu fita gari ba matar da ba ta magana a mota ta buɗe baki.

"Oh, ga wata akuya can tana son tsallakawa."

Baffa ya sassauta.

"Wannan ramin na gefen dama kamar rijiya. Mai babur ɗin nan kuwa ba ya son ransa."

Na ce, "Ashe kujerar gaba rediyo ce. Inna, wace tasha ce wannan?"

Yara suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Haka muka yi ta tafiya, rana tana dukan gilashi, ƙaramar ɗiyata ta zubar da lemo a kan takalmina, matata tana rabon biskit tana rabon faɗa. Gonaki, gidan mai, gonaki, wata mota a kife da aka kwashe tayoyinta. Inna tana ta lissafa duk abin da ke kan kwalta har muryarta ta dishe.

Ni kuwa zaman banza ya sa na fara lura. Rigar kujerar Baffa ta gefen ƙofa ta siɗe, ta yi santsi daidai faɗin tafin hannu. Kafaɗarsa ta hagu kuma sai dawowa baya take yi, kamar tana neman wani abu. Da muka faɗa wani rami na kai hannu in riƙe kujera, yatsuna suka taɓa kafaɗar. Nan take ya taka birki, alhali ba komai a gabanmu. Na janye hannu, ya ci gaba. Na sake dannawa a hankali, ya sake sassautawa.

Na mayar da hannuna kan cinya, na zuba wa hanya ido.

Bayan azahar maganin gwiwar da Inna ta sha ya fara aiki. Tana cikin cewa "ga wata mai tallan..." sai kanta ya langaɓe. Can gaba wata babbar mota ta lalace a kan hannunmu, an jera duwatsu a bayanta. Ina ganinta, matata tana ganinta, Baffa kuwa ƙafarsa tana kan totur. Na zura hannu ta gefen ƙofa na damƙi kafaɗarsa da ƙarfi. Motar ta yi ƙara ta tsaya, kula ta kife, fankar Goggo ta zo ta gaida ƙeyata.

Inna ta farka. Ba duwatsun ta fara duba ba, hannuna ta duba.

A gidan mai na gaba Baffa ya tafi alwala yana bin bango. Na sami Inna zaune a kan dakali tana murza gwiwa.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin auren autarmu."

"Dannawa birki ne. In rami ne fa?"

"Sai in ja rigarsa ta ɓangaren da zai kauce." Ta gyara mayafi. "Bai taɓa ce min in yi ba, ni ma ban taɓa ce masa ina yi ba."

"Inna, da yara a motar."

"Kafin yau ka ga na taɓa rintsawa?" Ta ci gaba da murza gwiwar. "Na gaji, ɗan nan. Yanzu ni ma sai yarinyar maƙwabta ta sa min zare a allura. In ka karɓi makullin nan a gaban yara, ka gama da shi. In ka bar masa, wata rana ni zan gama da ku."

Da Baffa ya dawo na tare shi a bayan mota, inda ba mai jin mu. Duk hanyar ina shirya barkwancin da zan faɗa, da na buɗe baki ko ɗaya bai fito ba.

Na ce, "Baffa, Inna barci take ji."

Ya daɗe yana juya makullin a tafin hannu.

"Hannunka nauyi gare shi," in ji shi. "Ka kusa ɓalla min kafaɗa. Ita ba haka take yi ba."

Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kai, zo ka ja mu in ga abin da aka koya maka a makarantar tuƙin nan. Ƙato da kai kullum a baya kamar buhu."

Na karɓa. Ya zagaya ya zauna a kujerar bayan direba, ya harɗe hannuwa. Ba mu yi nisa ba Inna ta jingina da gilashi, bakinta a ɗan buɗe, tana minshari siriri. Yara suka fara ƙyalƙyala dariya, matata ta harare su suka yi tsit.

Baffa bai ce komai a kan ramuka ba, ko da na faɗa guda biyu a jere. Sai dai duk lokacin da injin ya yi kuka in ji gwiwarsa a bayan kujerata.

"Giya. Ba ka jin tana roƙonka?"

Muka isa rana ta yi sanyi. Goggo ta fito da sanda tana leƙen wurin direba, ta gan ni, ta leƙa baya ta ga ƙanenta. Na miƙa wa Baffa makullin, ya ce in riƙe, aljihunsa ya yage.

Na kai hannu zan tashi Inna, ya ce, "Bar ta."

Muka shige da kaya muka bar su a motar, tana barci, shi kuma yana zaune a bayan kujerar da ba kowa.