Kurar Ruwa da Lamba Goma

Ni aji huɗu na bar makaranta, amma lissafin loto na iya shi, kuma a tsaye na koye shi rana ɗaya, a gaban wani kes na katako da ke bayan layin dogo a Agege. Wani dattijo ne ya biya kuɗin karatun da kurar ruwansa.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Ana ta cewa farar hula sun zo, abubuwa za su yi sauƙi. Mu dai abin da muka gani sabbin takardun kuɗi ne, 'yar ɗari da 'yar ɗari biyu, su ma ba sa kwana a aljihu. Ina dakon nama a abbatuwa, mu biyar a ɗaki ɗaya. Babbanmu wani mutumin Nijar ne daga wajen Tawa, mai ga-ruwa, Kawu muke ce masa. Kurar da yake turawa tasa ce ta kansa, ba haya ba, ya kuma yi shekaru kafin ya mallake ta. Abin da ya fi kurar ma daraja shi ne gidajensa. A wannan sana'a kowa da gidajen da yake kai wa ruwa, wani ba ya shiga na wani, in ka bar wa mutum naka a gaban shaidu kuwa sun zama nasa. Kura da gidajen nan su ne duk abin da Kawu ya tara a Legas. Gwiwoyinsa sun fara ƙi, kullum maganarsa ɗaya: ya samu na injin niƙa ya koma gida ya zauna.

Ashe yana buga loto, ba wanda ya sani a ɗakin. Haka namu suke yi. Bayarabe zai tsaya gaban allon lambobi da biro a kunne yana gardama da ƙarfi, ba ruwansa. Bahaushe sai ya zagaya unguwar da ba a san fuskarsa ba, ya miƙa takarda, ya biya, ya soke tikiti cikin hula ya bar wurin kamar wanda ya yi sata. Ba ya tsayawa tambaya. Ga shi lokacin ana ta zancen Shari'a a Arewa, duk wa'azin da za a yi a masallacinmu sai an taɓo caca. Saboda haka abin da Kawu ya sani kaɗan ne: ka zaɓi lamba biyu tsakanin ɗaya da casa'in, ranar Asabar a fitar da biyar, in naka biyun suna ciki a ninka maka kuɗinka sau ɗari biyu da arba'in. Wannan gaskiya ne. Sai wani a wajen famfo ya ce masa in ya yawaita lambobi ya fi saurin ci. Wannan ma gaskiya ne. Ya rubuta goma, matar kes ɗin ta ce ɗari huɗu da hamsin, ya biya ya soke tikiti cikin hula.

Asabar da yamma biyu daga cikin goman suka fito a allo. Ya zauna ya yi lissafinsa da tsinke a ƙasa, ɗari huɗu da hamsin sau ɗari biyu da arba'in, ya samu dubu ɗari da takwas. Biya kuwa sai Litinin.

Duk wannan daga baya na ji shi. Abin da na gani da idona shi ne ranar Lahadi bayan La'asar, Kawu ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce Allah ya buɗa masa wata ƙofa, gida za shi. Ya kira wani mutumin ƙasarsu mai 'ya'ya shida da ke tura kurar haya, ya ce ya ba shi kurarsa da jarkokinta da gidajensa duka, kyauta, don Allah. Mutumin ya durƙusa yana kuka. Liman ya yi doguwar addu'a, aka shafa. Har da masu kawo masa sabulu da goro na sallama.

Da muka keɓe ya zaro tikitin daga hula, ya ce gobe in raka shi, don shi ba ya jin Yarbanci ni kuwa ina ji.

Na ce, "Kawu, ka karɓo kuɗin ne?"

"Sai gobe."

"To gaggawar me kake yi? Daga ganin hadari sai wanka da kashi?"

Ya ce, "Ɗan Kano, kai baki gare ka, babu tunani. Kuɗɗin ga ba su da tsarki. In na bari sunka shigo hannuna kahin in yi sadaka, sadakar ma ta ƙazantu. Halas ɗina ni ka turawa gaba, ta share hanya."

A yadda ya tsara abin, daidai ne.

Litinin da hantsi muka je. Matar kes ɗin wata ƙatuwar Bayarabiya ce, tana cin burodi da wake. Ta duba tikitin, ta duba nata kwafin, ta ce, "Mala ya ci," don haka suke kiran duk Bahaushe. Ta ƙirgo dubu biyu da ɗari huɗu ta ajiye a kan katako, ta koma kan wakenta. Kawu ya tsaya da buhun leda da ya zo da shi don zuba kuɗi.

Ya ce, "Ce mata ta ƙaro, muna sauri."

Na gaya mata. Ta ce a ƙaro me? Na faɗi lissafinsa. Ta kwashe da dariya har tana buga cinya, mazan da ke gaban allo suka juyo. Wani mai faffaɗar hula ya ce, "Aboki yana so ya sayi motar danfo da naira goma."

Kawu ya ce, "Mi ya ce?"

Na ce, "Sannu yake maka."

Da ta kalli fuskarsa da kyau sai dariyar ta tsaya. Ta sunkuya ta tsinto marafan kwalba goma ta jera. Ta ɗauki na farko ta haɗa shi da na biyu, ta ce layi ɗaya. Ta haɗa shi da na uku, layi biyu. Haka ta yi ta haɗawa biyu-biyu, ina ƙirgawa da Hausa a bayanta, har layukan suka ƙare a arba'in da biyar. Ta ce, "Gaya wa babanka. Lamba goma layi arba'in da biyar ne, kowane layi naira goma, shi ne kuɗin da ya ba ni. Layi ɗaya ya ci. Naira goma ake ninkawa. Sauran arba'in da huɗun sun tafi." Ta nuna wurin da ta rubuta goma a gefen tikitin, ƙanana, ta ce ba ta ɓoye komai ba, da ya tambaya da ta faɗa masa, amma su Mala ba sa tsayawa, kamar ana kora su.

Na juya masa shi da Hausa. Sai da na maimaita.

Mai faffaɗar hular nan, ashe tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya matso ya ƙara mini wani karatun da ban nema ba. Ya ce ko da mutum zai sayi duk layukan da ke cikin casa'in a naira ɗaya-ɗaya, dubu huɗu da 'yan kai zai kashe, goma ne kawai za su ci, a ba shi dubu biyu da ɗari huɗu. Na ce to shi me yake yi a nan? Ya ce fansho yake jira.

A hanya na ce, "Kawu, mu je wajen mutumin da ka ba kurar. Ɗan'uwanka ne, zai mayar maka."

"In ce mishi mi?"

"Gaskiya."

"In tsaya inda na tsaya jiya, gaban liman, in ce caca na yi? In ce kyautar da na yi don Allah na fasa? Ɗiyan mutumin ga sun kwana da murna." Sannan ya ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na rantse.

Na ce to kuɗin hannunsa za su kai shi gida ko a bayan tirela ne. Ya ce ya tafi da me, da gwiwoyi?

Zama a Agege kuma ya gagara, tunda ya yi sallama da kowa an shafa fatiha. Washegari ya ɗaure kayansa, mutanen ƙasarsu suka rako shi bakin titi, wanda aka ba kurar shi ya ɗauko masa jaka. Ya shiga danfo ana ta a sauka lafiya, a gaida gida. Ni kaɗai na san a Iyana Ipaja, wata unguwa nan kusa cikin Legas, zai sauka.

Kurar ta ci gaba da wucewa ta ƙofar ɗakinmu safe da yamma. Sabon mai ita ya shafa mata koren fenti, ya yi ƙiba kaɗan. Duk haɗuwarmu sai ya tambaye ni ko an ji labarin Kawu, in ce lafiya yake.

Bayan wasu watanni oga ya aike ni Iyana Ipaja da cinyar sa. A bakin kasuwa na hango shi da kwandon doya a ka, yana bin wata mata da ke juyowa tana masa faɗa ya ɗaga ƙafa. Ya rame, yana jan ƙafar hagu. Muka haɗa ido. Ya juya fuskarsa wajen motoci, ni kuma na tsaya a gefe da namana har suka wuce.